Buhu na Bakwai

Duk wanda aka damƙa wa rajista, abu ɗaya ne a wuyansa: ya rubuta abin da ya faru, a ranar da ya faru, a gaban sunan wanda ya aikata shi. Ba a nemi ya iya tsara hannu ba, ba a kuma nemi ya yi wa jama'a fara'a ba. Na yi shekarun aikina duka a ɗakin ajiyar fayil na wani asibiti, kuma da wannan ma'auni na riƙa auna kaina har na yi ritaya. Da shi kuma zan auna mutumin da ya riƙe rajistar ɗakin karatun garinmu lokacin da nake aji biyar a firamare, domin a cikin rajistar nan akwai layin da aka ja da jan biro a kan sunana, kuma layin ƙarya ne.

Garinmu yana tsakanin Funtua da Malumfashi, gari ne na masara da auduga. Samarin da suka yi makaranta su ne suka kafa ƙungiya, suka bi malamai da 'yan gari masu aiki a birni suna roƙon littattafai, har suka tara abin da ya cika kanta huɗu. Ba su da gini. Sai wani babban manomi ya ba su aron shagonsa na bakin hanya, bisa sharaɗi biyu: ƙanensa ne zai riƙa kula da wurin, sannan idan kaka ta yi za a kwashe littattafan a ba shi ɗakin ya zuba masara, har ya gama kai ta kasuwa. Ƙanen nan shi ne muke kira Malam. Dogo ne, mai tsabta, ba ya ɗaga murya, kuma kullum akwai biro biyu a aljihun rigarsa, shuɗi da ja.

Ɗakin bai taka kara ya karya ba. Benci biyu, taga ɗaya, tebur ɗaya. Amma har yau idan na buɗe tsohon littafi hancina yana neman ƙamshin masara, domin a can ba a raba su. Sau da yawa ina cikin karatu ƙwaya za ta faɗo daga tsakanin shafuka. Ranar da aka yi mini kati, Baba ne ya raka ni ya dangwala babban yatsansa a matsayin mai tsaya mini. Baba bai yi boko ba, amma ya yi allo gwargwado, kuma yana girmama rubutu kowane iri ne. Idan ya ga takarda a ƙasa ba ya tsallake ta, sai ya ɗauke ta ya soka a katanga. A wurinsa, abin da aka rubuta ya fi ƙarfin musu.

Doka ita ce littafi ɗaya a mako. Ni kuwa ina gama nawa cikin kwana biyu, sauran kwanakin in yi ta maimaita shi ina jiran Alhamis. Nakan karanta wa Inna tana tsince wake, tana yi mini gardama. Idan na ce akwai ƙasar da rana ba ta faɗuwa wata da watanni, sai ta ce, “To, su yaushe suke shan ruwa da azumi? Wuce nan, mai littafin bai tambayi malamai ba.” Amma ba ta taɓa cewa in daina ba, kuma idan na tsaya takan ce, “Ina jin ki.”

A lokacin ba ni da wanda nake so in zama kamar Malam. Yadda yake buɗe rajista, ya daidaita ta da gefen tebur, ya rubuta lamba ba tare da ya kalli mutum ba, shi ne a ganina ƙarshen girma. Don haka na samu ƙaramin littafin rubutu na ja masa layi kamar nasa: lambar littafi, ranar ɗauka, ranar mayarwa. Ba wanda ya sa ni. Kwaikwayo ne na yarinta, kuma shi ne kaɗai shaidar da ta rage mini.

Littafin da ya jawo maganar na koguna ne: inda suke tasowa, garuruwan da suke ratsawa, da inda suke zuba. Akwai hoton wata gada a tsakiyarsa da na kan daɗe ina kallo. Na ɗauke shi bangonsa yana reto, sai Inna ta ce ba za a mayar da kayan mutane a haka ba, ko da a haka aka same shi. Ta samu baƙin zare ta ɗinke masa baya tsaf.

Na kai shi ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, na tarar ana kwashe ɗakin. Kantocin sun zama wayam. Ma'aikatan gonar mai shago suna cusa littattafai a buhuna suna ɗinke bakin da basilla. Buhunan nasa ne, irin waɗanda yake zuba masara, kowanne da alamarsa ta baƙin fenti, zane uku da da'ira, kamar yadda kowane manomi yake yi wa buhunansa don kada su ɓace a kasuwa. A kan tebur akwai tulin littattafan da yara suka dawo da su a makon.

Na ce, “Malam, ga littafina.”

Ya ce, “Ajiye a kan tulin can.”

“Ba a rubuta ba.”

“Na riga na kulle rajista a gida. Idan an buɗe zan rubuta. Matsa, kada buhu ya faɗo miki.”

Na ajiye, na koma gindin darbejiyar da ke gaban shagon na tsaya. Da idona na ga an tattara tulin nan an zuba a buhun ƙarshe, baƙin ɗinkin Inna yana sama. Na ƙirga buhunan ana ɗora su a amalanke za a kai su zauren mai shago. Bakwai ne. Na rubuta ranar mayarwa a littafina, a ƙasa kuma na ƙara da cewa buhu bakwai, don kawai ina jin daɗin rubuta lamba.

Wata biyu da 'yan kwanaki ɗakin yana rufe. Ranar da aka dawo da littattafan ni ce ta farko a gindin darbejiya. Aka sauke buhuna, na ƙirga, na sake ƙirgawa. Shida.

Na ce, “Malam, ina na bakwai?”

“Na bakwai me?”

“Buhu. Bakwai aka tafi da su.”

Ya dube ni, kuma wannan ne karo na farko da na ga ya kalli fuskata sosai. Ya ce, “Ke aka naɗa sarkin awon garin nan? Je ki gida, yau ba a ba da littafi.”

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. A ranar ban san wannan ba. Na ɗauka gajiya ce ta sa ya yi mini tsawa.

Bayan mako guda aka aika Baba ya zo da ni. Malam ya tarbe shi da girmamawa, ya ba shi benci, ya tambayi gona da iyali. Sannan ya buɗe rajista ya juya ta wajen Baba, ya ɗora yatsa a kan wani layi.

“Baba, ga sunanta. Ga ranar da ta ɗauka. Nan kuwa wurin ranar mayarwa ne, ka ga babu komai. Shi ya sa muka ja jan layi. Ba mu ce sata ba ce, yara ne, wataƙila ta yar. Amma doka ce, sai littafi ya dawo kati yake dawowa.”

Na ce na dawo da shi, na faɗi ranar, na faɗi inda na ajiye, na zaro littafina na miƙa. Malam ya karɓa ya duba, ya yi 'yar dariya.

“Ka gani, Baba? Yarinya ta rubuta wa kanta shaida. Da haka ake yi, ai da alƙalai sun huta.”

Baba ya kalli ƙaramin littafina mai kunnuwa a naɗe, ya kalli babbar rajista mai bango mai kauri da hatimi. Bai iya karanta ko ɗaya ba. Ya ce, “Allah ya ba da haƙuri, Malam. Za mu duba gida.”

Bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya wuce gaba ina bin sa a baya har gida. Ya sa aka ɗaga tabarmi, aka zazzage akwatin kayana, aka leƙa har bayan randa. Inna ta ce wa Baba, “Ni fa na ɗinke littafin nan da hannuna, kuma a gabana ta fita da shi.” Baba ya ce, “Kin ga ta fita da shi. Kin ga ta shiga da shi?” Daga ranar har ya bar duniya, duk lokacin da ya ga littafi a hannuna sai ya tambaya a hankali, “Na wane ne?” Ya yi mini wannan tambaya ina da 'ya'ya uku, a kan littafin da na saya da kaina.

Sauran shekarun firamare na yi su ba kati. Na karanta duk abin da ke da baƙi a jikinsa: buhun taki, kwalin sabulu, takardar da ke cikin kwalin magani, kalandar ɗakin Inna. Nakan wuce ta gaban shagon in hango yara a kan benci ta taga, in ƙara sauri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoton gadar nan. Na riƙa ƙoƙarin tuna ginshiƙanta nawa ne, har na daina tabbata.

Da na shiga sakandare ta kwana na samu laburare mai kanta fiye da ashirin, na koma karatu kamar wadda ta fito daga fari. Sai dai ba ni ce ta da ba. Ban ƙara ajiye littafi a kan tuli ba. Ina tsayawa sai an rubuta a gabana, sannan in miƙa littafina a sa mini hannu. 'Yan ajinmu suka yi ta yi mini dariya, malamar wurin ma ta taɓa tambayata ko a gidanmu alƙali ne ya haife ni. Littattafai sun koya mini koguna da ƙasashe da yadda ake tsara magana. Rajistar Malam ta koya mini abin da ya fi su zama a raina: idan mai biro ya yi ƙarya, gaskiyar marar biro ba ta da inda za ta tsaya. Wannan ne ya kai ni ɗakin fayil, kuma a tsawon aikina ban taɓa yarda na cike gurbin jiya da tawadar yau ba.

Shekaru da yawa bayan haka, Baba ya riga ya rasu, ɗakin karatun ma ya daɗe da mutuwa, na je Dandume gaisuwar rasuwar wani tsohon mai sayen hatsi, dangin wata abokiyar aikina. Muna zaune a ɗakin matarsa sai idona ya sauka a kan keken ɗinki da aka tokare ƙafarsa ɗaya da littafi. Gefensa ya leƙo, kuma a gefen akwai hatimin ƙungiyar garinmu. Na jira har mutane suka ragu, sannan na nemi izini na ɗaga keken.

Matar ta ce, “Au, wannan? Ai ya fi 'ya'yana na ƙarshe shekaru. Marigayi ne ya sayi masara mota guda daga wajenku, wurin wani mai zane uku da da'ira. Ya saba da shi, bai tsaya soka kowane buhu ba. Da aka zo juyewa sai ga buhu ɗaya littattafai ne zalla. Muka yi ta dariya, aka ce bana masara ta yi ilimi.”

Na ce, “Hajiya, bai sanar da mai kayan ba?”

“Sau biyu ya aika direba. Ya ce a zo a ɗauki littattafai, a kawo masa buhun masararsa. Shiru. Ya ajiye su a zaure ya fi shekara yana jira. Daga baya yara suka ɗiba, gara ta cinye saura. Wannan ne ya tsira, don ya yi daidai da ƙafar keke.”

Na tambaye ta ko ta tuna wani mai baƙin ɗinki a baya. Ta ce ba ta tuna ba, kuma ba zan sa mata magana a baki ba. Ta ba ni wanda ya tsira. Littafin kiwon kaji ne, ba nawa ba. Na sa shi a ambulan, na rubuta ranar da wurin da sunan wadda ta ba ni, na ajiye tare da ƙaramin littafina. Ban kai maganar ko'ina ba, domin wanda nake so ya ji ta yana kabari, rajistar kuma na ɗauka ta bi ɗakin.

Ashe tana nan. A bana wasu matasa suka farfaɗo da ƙungiyar, suka gyara shagon, suka samo sababbin littattafai, kuma na yi musu addu'a da zuciya ɗaya. Jikata, wadda nake riƙo tun rasuwar maigidana, iyayenta suna aiki a nesa, tana aji biyar. Ta karɓo takardar neman kati na cike mata, na sa cikakken sunana da na mahaifina a matsayin mai tsaya mata, domin dokarsu ta ce wanda yaro yake hannunsa shi ne zai tsaya masa. Da la'asar ta dawo ta jefar da jaka tana dariya.

“Tsohuwa, ashe ke ce! Kullum kina yi mana wa'azin amana, ashe kin gudu da littafin mutane tun kafin a haifi Babana.”

Na ce, “Wa ya gaya miki?”

“Sakatare. Ya buɗe wani tsohon littafi mai warin ɓera, ya ce mai jan layi ba ya tsaya wa kowa. A gaban 'yan ajinmu fa. Fito da shi mu mayar, ni ba zan tona miki asiri ba.”

Wasa take yi irin na jika da kaka, na kuma mayar mata da wasa, na ce ita da ba ta iya ajiye fensir kwana biyu ba. Amma da ta shiga ɗaki ba ta ƙara fitowa ba ranar, abin da ba halinta ba ne.

Washegari na je da ambulan ɗina. Shugaban kwamitin, wani Alhaji da na girme shi nesa ba kusa ba, ya tarbe ni da mutunci, ya sa aka kawo rajistar. Ya ce Malam ne ya adana ta duk shekarun nan, kuma shi ya ba da shawarar a ci gaba da aiki da ita don yara su san wurin yana da tarihi. Malam yana raye, ya tsufa, shi ne uban ƙungiya a yanzu.

Na nemi kujera da awa ɗaya. Aikin da na yi shekaru ina yi ke nan, kuma shafin bai ɓoye mini komai ba. A shafin makon da aka kwashe ɗakin, an ja jan layi a kan suna goma sha ɗaya. Dukanmu 'ya'yan waɗanda suka dangwala yatsa ne, ba ɗan wanda ya sa hannu ko ɗaya. Akwai wasu sunaye shida na 'ya'yan malaman makaranta da ma'aikata da suka ɗauki littafi a mako ɗaya da mu. Su an cike musu ranar mayarwa, ranaku daban-daban, amma da tawada ɗaya da karkatar hannu ɗaya, irin rubutun da ake yi a zama guda. Na nemi lambobin littattafan nan shida a shafukan da suka biyo baya, ban ga an ƙara ba da aron ko ɗaya ba. Sannan na zaro littafin kiwon kaji na duba lambarsa. Tana nan cikin goma sha ɗayan, a gaban sunan wata yarinya 'yar ajinmu da take zuwa a ƙasa daga wani ƙauye ta wajen Ƙarfi. Ta rasu tuntuni. An ce ba ta mayar ba, ga shi kuwa na ciro shi daga ƙarƙashin keken ɗinki a Dandume.

Ina cikin haka aka shigo da Malam yana dogara sanda. Na gaishe shi kamar yadda ya kamata, na ajiye masa littattafan biyu, na karanta masa abin da na gani.

Malam ya ce, “Hajiya, har yanzu kina nan da ƙirgan buhunanki?”

Ban ce masa buhu ba tukuna. Alhaji shaida ne, sakatare shaida ne: lambobi na karanta, da tawada, da Dandume. Kalmar buhu daga bakinsa ta fara fitowa.

Na ce, “Ina nan, Malam. Bakwai ne.”

“Abin da ya wuce ya wuce. Wana ya rasu, mahaifinki ya rasu, Allah ya jiƙansu. Mu da muka rage, me za mu tono?”

An ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, don haka zan raba abin da na sani da abin da nake zato. Na san buhu bakwai suka fita, shida suka dawo. Na san ɗaya ya isa Dandume, kuma an aiko sau biyu. Ban sani ba ko kuskuren 'yan dako ne, waɗanda alama suke bi ba abin da ke ciki ba, ko da yake ina mamakin kafaɗar da ta saba da masara ta kasa jin kusurwar littafi. Ban sani ba ko saƙon ya wuce wan ya kai ga ƙanen. Littafin kaji bai wanke ni kai tsaye ba, marigayiya 'yar ajinmu ya wanke. Abin da nake zato shi ne, karɓo littattafan yana nufin fitar da buhun masara guda da kuma amsa wa ƙungiya cewa al'adar kwashe ɗaki ta jawo asara, sai aka ga sunan yara goma sha ɗaya ya fi sauƙin bayarwa, aka kuma zaɓi waɗanda iyayensu ba za su iya karanta shafin ba.

Alhaji ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce, “Mama, a bar maganar nan a ɗakin nan. Yanzu-yanzu a yi wa yarinya kati. Sakatare, rubuta a gefen sunan Hajiya cewa kwamiti ya yafe.”

Na ce, “Alhaji, ajiye biron. Mai laifi ake yafe wa. Idan ka rubuta haka, ka tabbatar da layin ke nan da hannunka, kuma wata rana jikar jikata za ta karanta.”

“To, me kike so a rubuta?”

“Abin da ya faru.”

Ya kalli Malam, Malam ya kalli taga. Alhaji ya ce wannan sai kwamiti ya zauna, kuma ba ya jin za su so a taɓa dattijo. Na tattara kayana. A hanyar fita na lura da wani abu a bayan ƙofa: sababbin buhuna a ninke, ɗauri guda, da alamar baƙin fenti a jikinsu. Shagon yana hannun magadan mai shi, masara kuma ta fara bushewa a gonaki. Na tambayi sakatare na mene ne, ya ce shi ma ganinsu ya yi.

Da na koma gida jikata ta tare ni a ƙofa, ta ce, “An ba ni?” Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta ce, “Kaka, ni dai littafi nake so.” Na buɗe mata kabad ɗina na ce ta ɗauki duk wanda ta ga dama. Ta ɗauka, amma na san ba shi ke nan ba; ƙawayenta suna tafiya tare ranar Alhamis, ita tana tsayawa a bakin hanya. Na san tsayuwar nan, kuma na san a wannan karon da hannuna a ciki. Mako uku ke nan. Kowace Alhamis ina auna ko in je in karɓi yafiyar, kuma kowace Alhamis ina tuna Baba yana cewa, “Na wane ne?”

Saboda haka nake gabatar da wannan buƙata ga kwamitin ɗakin karatun garinmu, a rubuce, kuma na ajiye kwafi. Ina roƙon a naɗa mutum uku waɗanda ba su da dangantaka da ni ko da gidan mai shago, su duba shafin makon nan na tsohuwar rajista tare da ƙaramin littafina da littafin kiwon kaji, su kuma je Dandume su ji ta bakin matar nan tun tana da rai da hankalinta. A ba Malam dama ya faɗi nasa a gabansu, cikin mutuncin da ya dace da shekarunsa. Ba na neman a tozarta shi, ba na neman ya biya komai. Idan binciken ya tabbatar da abin da na faɗa, a rubuta a gefen sunaye goma sha ɗayan nan, ba nawa kaɗai ba, cewa an mayar da littafi kuma a hannun ɗakin karatu ya ɓace, a sa hannu da kwanan wata, a sanar da iyalan waɗanda suka rasu. A kuma bayyana wa jama'a abin da buhunan bayan ƙofa suke jira, kafin a fara girbi.

Idan aka yi haka, zan kawo jikata da kaina ranar Alhamis, in tsaya mata da sunana da na mahaifina, in jira a rubuta a gabana.